Ƙaba ta fito wa mai hawan bishiya: ya ci gaba da hawa ko ya sauko?

Wani ɗan'uwa a sana'ar hawan bishiya da gyaranta ya aiko mini da tambaya. Shekararsa 34, tara daga ciki a kan igiya ya yi su. Ya ce wata huɗu ke nan yana ganin kumburi a matsematsinsa na dama, girmansa kamar ƙwan kaza. In ya yi tari ko ya ɗaga gungume sai ya fito, in ya kwanta rigingine sai ya koma ciki. Wani abokin aikinsa ya ce masa ƙaba ce, amma har yau bai je asibiti ba, saboda kunya da kuma tsoron a ce sai an yi masa tiyata. Abin da yake son sani guda biyu ne: ko zai iya ɗaure wurin da bel ya ci gaba da hawa, da kuma ko sana'arsa ta ƙare ke nan in aka yi masa aiki.

Ƙanena, na ji tambayarka, kuma na san wannan fargabar daga ciki, domin ni ma ƙaba ta same ni ina tsakiyar ƙarfina a wannan sana'a. An yi mini aiki, na koma kan igiya, na ƙara shekaru ina hawa kafin na koma koyar da masu tasowa. Saboda haka amsar tambayarka ta biyu a taƙaice ita ce a'a, sana'arka ba ta ƙare ba. Ta farkon ce ke bukatar dogon bayani.

Kafin komai, ka je likita ya duba ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yadda ka kwatanta abin ya yi kama da ƙaba sosai, amma wurin nan abubuwa da dama ne ke kumbura shi: akwai kaluluwa, akwai gwaiwa ta ruwa wadda ruwa ne kawai ya taru a jakar maraina, akwai jijiyoyin jini da suka buɗe. Dubawar ba ta wuce 'yan mintuna. Za ka tsaya, likita ya ɗora yatsa a wurin, ya ce ka yi tari. Yawanci a nan yake ganewa, wani lokaci kuma ya tura ka hoto. Ba kuma kai kaɗai ba ne. A cikin maza ɗari, kusan 27 za su gamu da ƙabar matsematsi a tsawon rayuwarsu, a mata kuwa kusan 3 ne cikin ɗari. Ana yin aikinta sama da sau miliyan 20 kowace shekara a duniya. Likitan da za ka tsaya a gabansa ya ga irin taka har ya daina ƙirgawa.

Ka fahimci abin da ke faruwa a jikinka, domin duk shawarar da zan ba ka daga nan ta taso. Bangon ciki tsoka ne da fata mai kauri da ke riƙe hanji a mazauninsa. Tun yaro yana cikin mahaifa, marainansa a cikin ciki suke, daga baya su gangaro ta wata 'yar hanya a matsematsi su sauka cikin jaka. Wannan hanya ita ce wurin da bangon ya fi rauni a jikin namiji, shi ya sa maza suka fi mata kamuwa nesa ba kusa ba, kuma ta fi yawa a ɓangaren dama, inda taka take. Idan wurin ya buɗe, duk sa'ad da matsi ya ƙaru a cikin ciki, wato in ka riƙe numfashi ka yi yunƙuri, hanji ko kitsen ciki sai ya leƙo ta wannan kafa. Kumburin da kake gani shi ne abin da ya leƙo. Ainihin ciwon kuwa kafar ce, kuma kafar nan a jikin babba ba ta rufe kanta. Babu maganin sha, babu na shafawa, babu motsa jikin da ke ɗinke ta. Sai dai ta tsaya yadda take ko ta ƙara faɗi.

Kada ka ɗora wa hawa laifin duka. Gado yana ciki, shan taba yana ciki domin yana raunana zaren da ke haɗa naman jiki, haka tari mai daɗewa, da taurin bayan gida, da yunƙurin fitsari ga wanda ya manyanta. Aikin ƙarfi na shekaru yana ƙara nasa. Sau da yawa raunin yana nan tun tuni, aikin ne ya tona shi.

Yanzu batun bel. Bel ɗin ƙaba yana danne kafar ne daga waje don kada hanji ya leƙo. Yana iya ba mutum sauƙi na ɗan lokaci yayin da yake jiran ranar aiki, kuma ana ɗaura shi ne a kwance, bayan kumburin ya koma ciki. Amma ba ya warkarwa, kuma ga mai hawa yana da wata illa ta musamman. Ka tuna inda maɗaurin cinya na ɗamarar hawa yake bi: daidai kan matsematsi. In ka rataye, yawancin nauyin jikinka yana sauka a kan waɗannan maɗaurai biyu, suna ja sama suna zamewa. Bel ɗin da ka daidaita da safe ba zai kai hantsi a wurinsa ba. In ya goce hanji ya fito ta gefensa, sai bel ɗin da ɗamarar su haɗu su danne abin da ya fito maimakon su hana shi fitowa. Ni na gwada hakan mako uku, kuma a kullum da yamma wurin ya fi zafi fiye da ranar da ban ɗaura ba.

Abin tsoro a ƙaba shi ne maƙalewa. Hanji ya fito, kafar ta shaƙe shi, ya kasa komawa, jini ya daina isa gare shi. Idan hakan ta faru, cikin kimanin awa shida wannan yanki na hanji yana iya fara mutuwa, kuma aikin da da ƙarami ne sai ya koma na yanke hanji da ceton rai. Alamominsa ba sa ɓuya: kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa ko ka kwanta, ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya, tashin zuciya ko amai, ciki ya kumbura, tusa da bayan gida su tsaya, fatar wurin ta yi ja ko ta yi duhu, wani lokaci da zazzaɓi. Duk ranar da ka ga haka, kada ka danna da ƙarfi, kada ka ci ko ka sha komai, kada ka ce bari gari ya waye. A kai ka asibitin da ake tiyata nan take.

Gaskiya ita ce maƙalewa ba ta faruwa da yawa. A wani babban bincike da likita Robert Fitzgibbons da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, an bi maza 720 a Amurka da Kanada waɗanda ƙabarsu ba ta damun su sosai. An yi wa rabi aiki, rabi aka bar su ana sa ido. A cikin waɗanda aka bari, maƙalewa ba ta kai mutum biyu cikin dubu a shekara ba. Wani zai karanta wannan ya ce to ai shi ke nan, a ci gaba da hawa. Amma ka dubi sauran labarin. Cikin shekara biyu, kusan kashi 23 cikin ɗari na waɗanda aka bari sun dawo an yi musu aikin, galibi saboda ciwo ya ƙaru. Da aka ci gaba da bibiyarsu zuwa shekara goma, an kiyasta kusan biyu cikin uku sun ƙare a ɗakin tiyata. Wato jiran bai kawar da aikin ba ga yawancinsu, jinkirta shi kawai ya yi. Sannan waɗancan mutane ne da ƙafafunsu ke ƙasa. In ciwo ya kama ɗayansu, zama zai yi, a ɗauko mota. Kai kuma kana iya kasancewa mita ashirin a sama, zarton inji a rataye a kugunka, rabin reshe a yanke, ciwon da ke durƙusar da ƙato ya zo maka a inda babu wurin durƙusawa. Saukowa da igiya tana bukatar hannu biyu da hankali a kwance. Wanda ya suma a cikin ɗamara kuma yana cikin wani haɗarin daban, domin in mutum ya rataye ba motsi jini yana taruwa a ƙafafu, kuma mintuna kaɗan ake da su a sauko da shi. Wannan bambancin shi ya sa lissafin da ya dace da ma'aikacin ofis bai dace da kai ba.

Saboda haka ra'ayina a fili shi ne: mai hawan da ƙabarsa ke fitowa yayin aiki ya nemi a yi masa aikin, ya zaɓi ranar da kansa, a lokacin da ayyuka suka yi sauƙi, ya tanadi abin da iyali za su ci na makonnin hutu. Aikin da aka shirya shi yawanci bai wuce awa ɗaya ba, kuma da yawa a ranar suke komawa gida. Aikin gaggawa a kan hanjin da ya shaƙe kuwa haɗarinsa ya ninka sau da yawa, jinyarsa ma ta fi tsawo.

Aikin kansa tsoho ne, an daɗe ana gyara shi. Tun a shekarun 1880 likitan Italiya Edoardo Bassini ya nuna yadda ake ɗinke bangon matsematsi da zare ya riƙe. A shekarun 1980 hanyar wani likita mai suna Lichtenstein ta bazu, inda ake shimfiɗa wata 'yar raga a kan kafar, naman jiki ya tsiro cikinta ya zama sabon bango ba tare da an ja tsoka da ƙarfi ba. Akwai kuma hanyar ƙananan huji uku da kyamara, wadda ake sa ragar daga ciki. Ita wannan tana bukatar a sa ka barci gaba ɗaya, amma ciwon bayanta ya fi sauƙi, kuma ta fi dacewa ga wanda ƙabar ta fito masa ɓangare biyu. Ta buɗewa kuwa ana iya yin ta da allurar baya ko ta kashe wurin kawai. Idan likitanka ya fi ƙwarewa a ɗaya, ka bi wadda hannunsa ya saba da ita. Ba zan ɓoye maka ba, kusan mutum ɗaya cikin goma yakan ci gaba da jin wani ciwo ko tsami a wurin bayan watanni, mafi yawansu mai sauƙi, kuma a 'yan kaɗan ƙabar takan dawo. Ka tambayi likita waɗannan abubuwa ido da ido. Mafi muhimmanci, ka bayyana masa aikinka dalla-dalla. Kada ka ce masa kai mai aikin lambu ne. Ka tafi da ɗamararka in ta kama, ka nuna masa inda maɗaurin ke zama, domin yawancin likitoci ba su taɓa ganin yadda muke rataye ba.

Tsakanin yau da ranar aikin, abin da na fi so shi ne ka sauko ƙasa. Amma kada ka ɗauka aikin ƙasa ya fi sauƙi ga cikinka, domin ni a ƙasa na fi jin tawa. Ɗanyen icce nauyi ne da shi fiye da yadda ido ke gani. Gungume mai kaurin santimita 30 da tsawon mita ɗaya yana kaiwa kilo 60 ko fiye in iccen mai tauri ne. Mu kuma mun saba mu rungume shi mu riƙe numfashi mu miƙe, wanda shi ne ainihin motsin da ke turo hanji waje. Ka yanka shi gida uku. Ka mirgina maimakon ka ɗaga. Ka yi amfani da baro da ƙarfen juya gungume. In dole ka ɗaga abu, ka durƙusa da gwiwa, ka matso da shi jikinka, kuma ka riƙa fitar da numfashi yayin da kake tashi. Jan igiyar tayar da zarto ma yana da nasa: ka ajiye zarton a ƙasa, ka take shi da ƙafa, ka ja a natse, in kuma injin yana gardama a gyara shi, kada ka tsaya kana fizga sau ashirin. Aikin da zai yiwu da zarto mai dogon sanda daga ƙasa, a yi shi daga ƙasa. Wanda zai yiwu da motar da ke ɗaga mutum cikin kwando, a yi da ita. Ka sha ruwa sosai, ka ci ganye da 'ya'yan itatuwa don bayan gida ya yi laushi, in kana tari a yi maganinsa, in kana shan taba ka ajiye ta tun yanzu, domin tana jinkirta warkewar rauni bayan tiyata.

Na san rayuwa, na san akwai ranar da za a ce babu mai hawa sai kai. In likita bai hana ka ba kuma ka yanke shawarar hawa, to kada ka hau ranar da wurin ke ciwo ko kumburin ya ƙi komawa da safe. Kada ka hau kai kaɗai, ko da kana lafiya ma wannan doka ce. A ƙasa a sami wanda ya iya hawa, kayansa a shirye, wanda ka gaya masa gaskiyar halin da kake ciki da alamomin da zai lura da su. Ɓoye wa abokan aiki shi ne kuskuren da na yi, kuma shi na fi nadama, domin na sa su cikin haɗarin da ba su san da shi ba. A ɗaure igiyarka ta yadda za a iya sauko da kai daga gindin bishiya ba sai an hau ba. Ka kuma canza salon hawa. Tsohon salon nan na tura kugu sama da jan igiya da hannu tsokar ciki yake ci. Ka koma salon igiya tsayayya da abin maƙale igiya a ƙafa, inda cinya ke yin aikin kamar kana hawa tsani. Shi ma miƙa jiki nesa da zarto a hannu, kana karkace, yana matsa ciki ƙwarai. Ka matsa kusa da wurin yanka, ka kafa ƙafa biyu, ka ɗaure gajeriyar igiyar kugu, sannan ka yanka.

A nan ne na gano wani abu da ban zata ba. Da ƙaba ta tilasta mini yanka ƙanana, aikina ya fi kyau, bishiyoyin da na taɓa kuma suka fi lafiya. Da can ina alfahari da sauke babban reshe a yanka ɗaya. Babban yanka babban rauni ne ga bishiya, kuma bishiya ba ta warkewa irin tamu. Alex Shigo, masanin da ya yi shekaru yana tsaga itatuwa yana nazarin ruɓarsu a hukumar gandun daji ta Amurka, shi ya nuna cewa bishiya katange rauni take yi daga ciki, ta rufe shi da sabon icce daga waje, amma naman da ya lalace ba ya komawa. Wurin da wannan kariya ta fi ƙarfi shi ne ɗan kumburin da ke gindin reshe inda ya haɗu da jikin bishiya. In ka yanke shi ka shafe da jiki, ka buɗe wa ruɓa ƙofa. In ka bar dogon guntu, shi ma zai ruɓe ya shiga ciki. Daidai bayan wannan kumburin, ta ɓangaren reshen, ake yanka. Kuma da yanka uku: na farko daga ƙasan reshen, ɗan nesa da gindi, don kada ɓawo ya yage, na biyu daga sama, gaba da na farko kaɗan, reshen ya faɗi, na uku ka cire guntun da ya rage, wanda yanzu ba shi da nauyi. Wannan tsari yana kare bishiya, yana kuma kare cikinka, domin ba ka taɓa riƙe nauyi da hannu ɗaya kana yanka da ɗaya. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen ganyen bishiya a shekara guda, tsohuwa ma ƙasa da haka. Gille kan bishiya gaba ɗaya kuwa ɓarna ce, rassan da ke tsirowa bayansa ba su da riƙo mai ƙarfi, kuma kai ne za a kira ka hau su bayan 'yan shekaru. Shafa fenti a kan yanka ma ba ya hana ruɓa. Takalman tsini kuma a bar su ga bishiyar da za a sare, domin kowane taku huda ce a jikin mai rai.

Bayan tiyata za ka ji magana iri biyu, kada su ruɗa ka. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin ƙaba na duniya suka fitar a 2018 sun ce mutum ya koma harkokinsa da zarar ya ji zai iya, domin ba a ga shaidar cewa motsi da wuri yana dawo da ƙaba ba. Likitoci da yawa kuma har yanzu suna cewa a guji ɗaukar kaya mai nauyi mako huɗu zuwa shida. Ka bi abin da wanda ya yi maka aikin ya ce, tunda shi ya ga girman kafar da ingancin naman. Tafiya a ƙasa kuwa ka fara ta tun washegari, kaɗan-kaɗan kana ƙarawa. Hawa daban ne, saboda maɗaurin cinya a kan tabon yake zama, kuma ba aiki ba ne da za ka bari a tsakiya in ka ji zafi. Ni sai da na cika mako takwas. Na fara da aikin ƙasa mara nauyi. Daga nan na rataye cikin ɗamara ƙafafuna na taɓa ƙasa, minti biyar, na ga yadda wurin zai yi da daddare. Da na ga lafiya na hau mita uku ba zarto, na sauko, na sake hawa. Sai a mako na gaba na ɗauki zarton hannu, na inji kuma ya biyo baya. Ja da ɗan tsami a wurin ba abin damuwa ba ne a watannin farko. Ciwo mai suka, ko sabon kumburi, ko ja da ruwa a bakin rauni, waɗannan na komawa wurin likita ne. Tsohuwar ɗamarata ma sai da na canza ta da mai faɗin maɗauri da laushin ciki, na sassauta na cinya har tafin hannuna yana shiga, na bar nauyin ya fi sauka a bayan cinya da kugu.

Wannan makon ka je a duba ka, ka tafi da ɗamarar, kuma kafin ka sake ɗaura igiya ka zaunar da wanda ke riƙe maka ƙasa ka gaya masa abin da ke matsematsinka. Allah Ya ba ka lafiya, ƙanena.